Yadda Ake Sauraro da Haɗa Kiɗan Na'ura Mai Tayar da Tsikar Jiki

Akwai wani kiɗan na'ura da ba a taka rawa da shi, ba a bin sa da baki, sau da yawa ko ganga ɗaya babu a ciki. Gurnani ne mai kauri da ke tafiya sannu a hankali, da wani ƙara can nesa wanda ba ka san abin da ya yi shi ba, sai kuma shirun da ke sa ka waiwaya ka dubi ƙofa. Masu yin sa suna kiransa dark ambient, wasu su ce drone, kuma da waɗannan sunaye za ka same shi a YouTube ko Bandcamp ko SoundCloud. Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida da dare ana tatsuniyar dodo, tsoro ya cika shi amma yana roƙon kada a tsaya, ya riga ya san daɗin da ake nema a cikin wannan kiɗa.

Yawancin waɗanda suka gwada shi suka ce babu komai a ciki, a sifikar waya suka ji shi, da rana tsaka, cikin hayaniya. Haka kuma da yawa daga masu saka sauti a fim, ko a ƙarƙashin labaran aljanu da ake karantawa a YouTube, sun ɗauka tsoro shi ne a buga "dum!" da ƙarfi. Wannan firgita ce, daƙiƙa biyu ta wuce. Abin da ke kwana a jikin mutum shi ne sautin da kunne ya kusa ganewa amma ya kasa, kuma a kan wannan aka gina duk matakan da ke ƙasa.

Sana'ar ta tsufa, kuma ɗaya daga cikin tushenta a Afirka yake. A 1944, a birnin Alƙahira, Halim El-Dabh ya ari na'urar naɗar sauti irin ta da, mai naɗa a kan siririyar wayar ƙarfe, ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar, wanda ɗan'uwan bori ne a Masar da Sudan da Habasha. Ya koma situdiyon rediyo ya yi ta sarrafa muryoyin da amsa-kuwwa da sake naɗi, har suka rabu da kamannin muryar mutum. Shekara huɗu bayan haka, a 1948, Pierre Schaeffer ya fara irin wannan aiki a gidan rediyon Faransa da ƙarar jirgin ƙasa da tarkacen gida. A 1958 BBC ta buɗe sashe guda na ƙirƙirar baƙin sautuka don wasan kwaikwayon rediyo da talabijin, wanda ya yi aiki har 1998. Abin da waɗannan mutane suka yi da reza da tef, yau tsohuwar kwamfuta tana yin sa cikin minti biyar.

Kafin ka kunna

Fara da abin ji. Kunnen ɗan Adam yana kama sauti daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato daga kaɗawa sau 20 a daƙiƙa zuwa sau dubu ashirin. Ƙashin bayan wannan kiɗa yana tsakanin 30 da 120 Hz, wurin da sifikar waya ba ta da abin cewa. Wanda ya saurara da ita ya ji rufin gida ne babu harsashi. Nemi hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, ko iyafis mai robar da ke toshe ramin kunne sosai. Idan robar ta yi maka ƙanƙanta, kaurin sautin zai zube ta gefe. Ka gwada: danna iyafis ɗin ciki kaɗan da yatsa, in ka ji bes ya ƙaru nan take, to robar ba girmanka ba ce, canza ta.

Kashe duk wani saitin ƙara bes da ke wayar. Ka kuma duba cewa Mono audio a kashe yake, domin rabin aikin yana cikin bambancin kunnen dama da na hagu. In da hali, sauke faifan tun da rana. Talla ɗaya ta faɗo a tsakiya ta rushe abin da aka yi minti goma ana ginawa.

Sai ƙarfin sauti, kuma a nan ne ake cutar da kunne. Irin wannan kiɗa yakan fara can ƙasa-ƙasa, mutum ya yi ta ƙara boliyum, bayan minti takwas sautin ya cika ya dake shi. Dabarar ita ce ka tsallaka zuwa kashi biyu cikin uku na faifan, inda yawanci ya fi ƙarfi, ka daidaita a can, sannan ka dawo farko, kada ka sake taɓawa. In farkon ya yi maka kamar babu komai, haka mai shi ya nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jin sauti mai ƙarfin 80 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba wannan lokaci biyu. A aikace, kada ka wuce kashi 60 cikin ɗari na boliyum ɗin waya. In ka cire hedifon ka ji kunne yana "wiii", ka wuce gona da iri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan isha'i, sa'ad da janaretocin unguwa suka yi shiru. Janareto da firji suna gurnani a 50 Hz da ninkinsa, daidai wurin da kiɗan yake zaune, sai su binne shi. Ɗan haske kaɗan ya fi duhu ƙirin aiki, saboda ido yana samun inuwar da zai yi ta zargi. Kife wayar, ka ba abin minti ashirin ba tare da ka duba saƙo ba. Kada ka ji shi kana tuƙi ko kana tafiya a titi da dare. Mai fama da firgici ko mugun mafarki ya ji shi da yamma, ya bar tazara tsakaninsa da barci, in kuma ƙirji ya fara nauyi a kashe. Ba na yara ƙanana ba ne.

Faifai ɗaya, ka ji shi sau uku a ranaku dabam-dabam. Karon farko ka sake jiki kawai. Karo na biyu ka bi sauti mafi kauri shi kaɗai, ka lura ko yana numfashi, yana kumbura yana sacewa. Karo na uku ka tambayi kanka a wane irin wuri kake: rijiya, kogo, zaure mai faɗi, ko fili? Mene ne yake kusa, mene ne yake nesa, me kuma yake matsowa? Wani lokaci za ka ji sauti yana ta hawa, yana ta hawa, bai taɓa kaiwa ƙololuwa ba. Wannan ruɗin kunne ne da masanin halayyar ɗan Adam Roger Shepard ya bayyana a 1964: sautuka da yawa ne ke hawa tare, na sama yana ɓacewa yayin da sabo ke shigowa daga ƙasa. Da zarar ka fara gane irin waɗannan dabaru, daɗin yana ƙaruwa, kuma hanya mafi sauri ta gane su ita ce ka haɗa naka.

Haɗa naka na minti uku

Kayan aiki: waya don naɗa, hedifon, da kwamfuta mai manhajar Audacity, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Wanda ya saba da FL Studio zai iya yin komai a can da Edison da 3xOSC da Fruity Reeverb 2. Za mu ba da lambobin Audacity, da sunayen maɓallai yadda suke a rubuce a cikinta.

Mataki na 1: tara sauti. Kada ka sauko da fakitin "sautin tsoro" daga intanet, kowa ya riga ya ji su. Gidanka ya fi su kaya. Ƙofar langa-langa mai tsatsa a buɗe ta sannu. Cokali a zagaya bakin kwanon silba. A hura baki cikin tulu ko randa marar ruwa. Guga yana gogar bakin rijiya. Taɓarya a ja ta a kan siminti. Iskar hunturu tana kaɗa kwanon rufi. Gyare da kwaɗi da daddare a damina. In kana da maƙwabci mai goge ko sarewa, roƙe shi ya ja maka sauti ɗaya tal mai tsawo.

Sa wayar a Flight mode. Yi amfani da manhajar naɗa da ke ba da WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ka kashe abin rage hayaniya in akwai, domin shi murya yake karewa, sauran sauti kuwa yana ɗaukarsa shara ya share. Kada ka naɗa ta saƙon murya na WhatsApp. Riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga abin. A waje, saka mata safa mai kauri don iska. Kowane sauti daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa, amma ka bar daƙiƙa uku na shiru kafin da bayan. A ƙarshe ka naɗi minti guda na ɗakin babu kowa yana motsi, za ka buƙace shi a mataki na 7. Abu biyu ba a taɓa su: kiran salla da karatun Alƙur'ani ba kayan juyawa da miƙewa ba ne, muryar mutum kuma ba a ɗaukarta sai da izininsa.

Mataki na 2: shimfiɗa. Wannan shi ne gurnanin ƙasa, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Shiga Generate, zaɓi Tone, sa Sine, 55 Hz, Amplitude 0.2, tsawon minti 3. Buɗe sabon layin sauti (track) ka sake yin haka da 55.25 Hz, Amplitude 0.12. Kunna su tare. Za ka ji sautin yana kumbura yana sauka sau ɗaya duk daƙiƙa huɗu, kamar numfashin wani babban abu mai barci.

Dalili kuwa lissafi ne mai sauƙi. Sautuka biyu da suka kusa daidaita suna haɗuwa su ƙarfafa juna, su rabu su kashe juna, kuma yawan wannan bugun a daƙiƙa daidai yake da tazarar da ke tsakaninsu. Tazarar 0.25 Hz, bugu ɗaya a daƙiƙa huɗu, saurin numfashin mai hutawa. Mai da na biyun 56.2 Hz, tazara ta zama 1.2, bugu 72 a minti, saurin bugun zuciya. Mun fi son na numfashi, domin na zuciya an yi ta amfani da shi har ya tsufa. Mun sa na biyun ya fi na farko rauni da gangan: in ƙarfinsu ɗaya, sautin zai riƙa mutuwa ɗungurungum a kowane zagaye, ya koma kamar na'ura mai matsala. Ka bar su duka biyu a tsakiya. In ka tura ɗaya dama ɗaya hagu, a hedifon ba za su haɗu ba, numfashin ya raunana.

Yanzu layi na uku saboda masu ji a waya. Tone, Sawtooth, 110 Hz, Amplitude 0.05, sannan Low-Pass Filter, mai rage duk sautin da ke sama da lambar da ka sa, a 500 Hz. Wannan nau'in sauti yana ɗauke da 'ya'yansa a 220 da 330 da 440 Hz, waɗanda ƙaramar sifika ke iya fitarwa, ƙwaƙwalwa kuma takan cike uban da kanta ko da ba ta ji shi ba.

Za ka ji ana maganar sautin da ke ƙasa da 20 Hz. Wani injiniya a Ingila, Vic Tandy, ya wallafa a 1998 cewa wata fanka mai kaɗawa a kusan 19 Hz ce ta riƙa sa mutane jin kamar akwai wani abu a ɗakin da yake aiki. Labarin ya yi suna, amma ba zai amfane ka ba. Ba kowane hedifon na kasuwa ne ke fitar da wannan sauti ba, sai dai ya cinye maka wuri a banza ya sa sauran su fashe. Yanke duk abin da ke ƙasa da 30 Hz da High-Pass Filter.

Mataki na 3: rage gudu da miƙewa. Ɗauki ƙarar ƙofar. Da Change Speed (Change Speed and Pitch a sabuwar Audacity) ka mai da gudunta rabi, 0.5: tsawonta ya ninka, muryarta ta sauka oktaf guda, wato kaɗawarta ta rabu biyu. A 0.25 ta sauka oktaf biyu, ƙaramar ƙofar banɗaki ta koma ƙofar gari. Amma akwai farashi. Abin da aka naɗa a 44,100 Hz iyakarsa wajen 22,000 Hz, in aka rage gudunsa sau huɗu babu sauran komai sama da 5,500 Hz, sai ya dushe. Shi ya sa ƙarfe da makullai da ƙwari suka fi dacewa da wannan aiki, suna da siririn sauti mai yawa da zai sauko ya cike gurbin. Kukan gyare yana wajen 4,000 zuwa 5,000 Hz. Rage shi sau huɗu ya faɗo kusa da 1,000 Hz, unguwar muryar mutum, sai ka ji kamar wasu ne ke rera wani abu a bayan katanga. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da tsikar jiki.

Sai Paulstretch, wanda Paul Nasca ya ƙirƙira, yana nan cikin Audacity. Shi yana miƙe sauti ba tare da ya sauke muryarsa ba. Zaɓi daƙiƙa 10 na goge ko na cokali a bakin kwano, sa Stretch Factor 12, za ka samu minti biyu na wani hazo mai sheƙi. Time Resolution yana zuwa a 0.25. Ɗaga shi zuwa 1 in kana son santsi, sauke shi zuwa 0.1 in kana son ɗan kaushin asalin ya rage. Kuskuren da kowa ke yi shi ne miƙe komai. Paulstretch yana sa duk sauti ya yi kama da ɗan'uwansa, layi uku na irinsa sun zama kunu. Ɗaya ya isa, biyu iyaka.

Mataki na 4: amon da ke riga sauti zuwa. A duniya, ana buga abu sannan amonsa ya biyo baya. Juya wannan tsari yana rikita kunne ƙwarai. Ɗauki gajeren sauti, kamar raɗa ko bugun ƙwarya ɗaya. Yi masa Reverse. Ƙara daƙiƙa 8 na shiru a bayansa da Generate, Silence, ka zaɓe su tare, in ba haka ba jelar amon za ta guntule. Sa Reverb: Room Size 90, Reverberance 85, Damping 50, Pre-delay 20. Sake yin Reverse ga dukkansu. Yanzu sautin ya koma daidai, amma amonsa yana tahowa kafin shi, kamar ana zuƙo shi daga wani wuri. In da kalma za ka yi, zaɓi wadda ba za a gane ta sarai ba. Da an ji "zo nan" ƙarara, sihirin ya karye, ya zama wasan yara.

Mataki na 5: sautukan da ba sa jituwa. A kan kibod na kiɗa, ƙirga maɓallai farare da baƙaƙe duka. Tazara biyu ce ke aiki a nan. Ta farko maɓalli ɗaya, kamar 440 da 466 Hz, suna gogar juna kamar haƙori da yashi. Ta biyu maɓalli shida, kamar 110 da 155.6 Hz, wadda tsofaffin malaman kiɗa na Turai suka yi wa laƙabi da shaiɗan a cikin kiɗa, don ba ta zama wuri ɗaya, kullum kamar tana jiran a warware ta. Kai kuma kada ka warware. Tazarar maɓalli ɗaya a sama ake sa ta, daga 400 Hz zuwa sama. A ƙasa laka take zama.

Ga wata dabara da ta fi waɗannan tasiri don ba a kama ta. Zaɓi layin da ka miƙe, sa Sliding Stretch, ka bar farkon a sifili, ƙarshen ya sauka maɓalli ɗaya, a tsawon minti guda ko fiye. Ba wanda zai ce ga lokacin da ya sauka, amma mai ji zai ji kamar ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinsa.

Don ƙololuwa, yi amfani da abin da aka gano game da ihu. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna ƙarfin ihun mutum yana rawa sau 30 zuwa 150 a daƙiƙa, saurin da maganar yau da kullum ba ta shiga, kuma irin wannan kaushi yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari. Haɗa Sine biyu, 600 da 640 Hz, ka samu rawa 40 a daƙiƙa. Sa shi can ƙasa, ya taso cikin daƙiƙa 20. Barkono ne, in ya wuce rabin minti sai ciwon kai.

Mataki na 6: nesa da kusa. Rage ƙarfi kaɗai ba ya kai sauti nesa, ƙaramin sauti kawai yake mai da shi. Abu uku ake haɗawa. A fili, duk ninkin tazara yana rage kusan 6 dB. Siririn sauti yana riga mai kauri mutuwa a hanya, don haka sa Low-Pass a wajen 2,000 Hz. Sannan amon ɗaki ya rinjayi asalin sautin: ɗaga Wet Gain, sauke Dry Gain. Na kusa kuwa akasin haka, busasshe babu amo, da dukkan siririn sautinsa, kamar a bakin kunne. Yi kwafi uku na sauti ɗaya, misali jan taɓarya: na nesa, na tsakiya, na kusa. Mai ji zai gane cewa abu ɗaya ne, kuma yana matsowa. Kunne ya fi kula da abin da ke tahowa fiye da abin da ke tafiya.

Mataki na 7: jeri. Ga tsarin da za ka fara da shi, daga baya ka karya shi yadda ka ga dama. Daga farko zuwa 0:30, shimfiɗa tana shigowa da Fade In na daƙiƙa 20, tare da iska kaɗan. A 0:30 hazon da ka miƙe ya shigo. A 1:05 taɓarya ta nesa, can hagu. A 1:22 gyaren da aka rage wa gudu. A 1:53 taɓarya ta tsakiya, ta ɗan matso tsakiyar kai. Daga 2:10 kaushin ihu yana tasowa. A 2:30 yanke komai lokaci ɗaya, ka bar daƙiƙa huɗu. A 2:34 sauti ɗaya ƙarami, busasshe, na kusa: numfashi, ko makulli ya taɓa ƙofa. Sannan shimfiɗa ta dawo a raunane ta ɓace.

Lura da tazarar da ke tsakanin abubuwan: 17, 31, 17, ba a jere daidai ba. In sauti yana zuwa duk daƙiƙa takwas, zuwa na uku mai ji ya haddace, hankalinsa ya kwanta. Masu FL Studio su mai da Snap zuwa None, su ajiye sauti da hannu, domin layukan manhajar suna jan komai zuwa tsarin rawa. Shirun 2:30 kuma kada ya zama shirun kwamfuta tsantsa, wanda ke sa mutum ya duba ko waya ce ta mutu. Shimfiɗa masa naɗin ɗakin nan da ka yi a mataki na 1, can ƙasa-ƙasa, don a ji har yanzu ana cikin wurin.

Mataki na 8: daidaitawa da fitarwa. Duba ma'aunin sauti, kada ya taɓa ja. Haɗa layukan, yi Normalize zuwa -1 dB. Kada ka matse shi da Compressor don ya yi ƙara kamar waƙar biki, tazarar da ke tsakanin raɗa da ruri ita ce jarinka. YouTube ma yana rage duk abin da ya wuce kusan -14 LUFS (ma'aunin ƙarar faifai gaba ɗaya), ƙarar da ka tara ta tafi a banza. Fitar da WAV a 48,000 Hz in na bidiyo ne, ko MP3 a 256 zuwa 320 kbps. A WhatsApp ka tura shi a matsayin Document.

Inda abin ke lalacewa

In komai ya cakuɗe kamar ana magana cikin bargo, layuka da yawa ne suka taru tsakanin 150 da 400 Hz. Bar kaurin ga shimfiɗa ita kaɗai, sauran duka ka yi musu High-Pass a 200 Hz. Amon ɗaki ma yana tara kauri, sauke Tone Low zuwa wajen 40.

In ka ji "ƙas" a farkon sauti ko ƙarshensa, an yanke shi ne a tsakiyar kaɗawa. Gajeren Fade, ko da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne, yana kashe shi. In akwai wani "mmm" da ba kai ka sa ba, wutar lantarki ce, sau da yawa daga caja. Cire cajar yayin naɗa, wanda ya riga ya shiga kuma ka sa masa Notch Filter, mai cire sauti ɗaya tal, a 50 Hz, in bai tafi ba ka ƙara a 100 da 150.

In abin ya ba mutane dariya maimakon tsoro, bincika cikinsa za ka tarar da dariyar mugunta, ko kukan mujiya, ko muryar da aka kaurara ta zama ta dodo. Duk abin da mai ji zai iya kiran sunansa nan take ya rasa rabin ƙarfinsa. Kukan mujiya ɗaya can nesa, an rage masa gudu har ana shakkar mujiya ce ko mutum, ya fi goma a fili.

Mai sa shi a ƙarƙashin karatun labari yana da ƙarin aiki. Kiɗan ya zauna wajen 18 zuwa 20 dB ƙasa da murya. Rage masa 4 zuwa 6 dB tsakanin 1,000 da 3,000 Hz, inda baƙaƙen magana suke fitowa. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna canza ma'ana, kuma tushen muryar mai karatu yana tsakanin 100 da 250 Hz. Kada ka sa sauti mai hawa da sauka a wannan wuri, bar shimfiɗar a tsaye. Shigar da gurnanin daƙiƙa 15 kafin a kai wurin tsoro a labarin, ta yadda mai sauraro zai fara jin ba daɗi bai san dalili ba, kuma ka janye shi daidai jimlar da aljanin ya bayyana, muryar mai karatu ta tsaya ita kaɗai.

Kunne yana gajiya, bayan awa guda ba ya faɗa maka gaskiya, komai sai ka ga kamar yana son ƙari. Rufe kwamfutar, ka kwana. Washegari ka ji shi sau biyu, a hedifon da kuma a sifikar waya. Sannan ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya kana danna Mute. Duk layin da ka kashe ba ka ji kewarsa ba, goge shi. Yawanci daga layi tara za ka dawo biyar.